Ra'ayinmu: Kamfas a goshin kayak, a kafe shi ko a ɗaure?

Kayak ƙaramin kwalekwale ne siriri mai rufaffen sama, wanda mutanen Inuwit na Girinlan da arewacin Kanada suka ƙirƙira don farauta, da firam na itace ko ƙashi da fatar dabbobin teku. Yau da roba da faiba ake ƙera shi, kuma masu yawon teku ne suka fi shigarsa a gaɓar Sikotland, tsibiran Suwidin, da gabashi da yammacin Amurka. Yawanci mutum ɗaya ne a ciki, hannayensa biyu riƙe da filafili, ƙugunsa daidai da fuskar ruwa. Daga wannan zama ba ya hangen nesa, kuma da zarar hazo ya sauko, gabas da yamma sun zama ɗaya. Wanda ya taɓa shiga tafkin Kainji a tsakiyar hunturu ya san yadda tudu ke ɓacewa ido biyu.

Shi ya sa muhawara kan kamfas ba ta ƙarewa a tsakanin matuƙan kayak. Kashi biyu ce: ko har yanzu ana bukatarsa tunda ga GPS, da kuma yadda za a ɗora shi idan an saya.

Masu cewa zamaninsa ya wuce suna da hujja, kuma ba ƙarama ba ce. Kamfas yana nuna inda hancin jirgi ya dosa ne kawai. Bai san gudun ruwa ba, bai san iska ba. Kayak kan yi kamar kilomita 5 zuwa 6 a awa, saboda haka ruwan da ke gudun kilomita 2 a kaikaice ya isa ya kwashe matuƙi can gefe alhali allurarsa ba ta motsa ba. GPS kuwa ainihin hanyar da ake bi yake nunawa, da tazarar da ta rage. Amma batir yana mutuwa, sanyi na saurin cinye shi, ruwan gishiri na shiga na'ura, gilashin waya ba ya jin jiƙaƙƙen yatsa. Kuma akwai katsalandan: a watan Afrilun 2024 kamfanin jiragen sama na Finnair ya dakatar da zuwa Tartu a Estoniya na tsawon wata guda saboda ana dagula siginar GPS a yankin Baltik, yankin da ke cike da masu kayak duk bazara. A ɗaya gefen, wani mai suna Ed Gillet ya tuƙa kayak daga Kalifoniya zuwa Hawai a 1987, tafiyar fiye da wata biyu, ba tare da GPS ba. Wannan kashi na muhawarar bai kamata ya ɗauki lokaci ba. A riƙe duka biyun.

Kashi na biyu ne ke da nama. Kamfas ɗin kayak ba irin na aljihu ba ne mai allura. Faifai ne mai lambobi daga 0 zuwa 360 da ke shawagi cikin ruwan mai a ƙarƙashin ƙoƙon gilashi, yana jure tangaɗi, ana karanta shi daga baya ta kan wani layi da aka zana a jikin gidansa. Iri biyu ne a kasuwa. Akwai na kafewa da sukuru, irin Silva 70P, wanda masu ƙera kayak na Birtaniya kamar Valley da P&H suke barin masa gurbi na musamman a gaban murfin ma'ajiyar gaba. Akwai kuma na ɗaurewa da igiyar roba, irin Silva 58 ko Suunto Orca, wanda ake maƙalawa a igiyoyin saman jirgi a cire in an gama.

Na ɗaurewa yana da daɗin sha'ani. Babu huda jirgi, ana iya kai shi daga wannan kayak zuwa wancan, mai haya zai iya tafiya da nasa, kuma ba a barinsa a rana ko a hannun ɓarawo. Mai raunin gani yana iya jawo shi kusa. Matsalarsa ɗaya ce, amma babba: roba tana miƙewa. Igiyar ruwa ta doke shi, ko abokin tafiya ya kama goshin jirgi lokacin ceto, sai ya ɗan karkace, kuma babu abin da zai sanar da matuƙi. Lissafin masu jiragen ruwa a nan a fili yake: kuskuren digiri 1 yana kauce wa hanya da kilomita 1 a cikin tafiyar kilomita 60. Wato karkacewar digiri 5, wadda ido ba zai lura da ita ba a jirgin da ke rawa, za ta kai mutum kilomita guda gefe a tsallaken kilomita 12. Idan ƙaramin tsibiri ake nema cikin hazo, an wuce shi ke nan, gaba kuma sai buɗaɗɗen teku.

Na kafewa ba ya wannan, muddin an kafa shi daidai tun farko. Layin karatunsa dole ya hau kan tsakiyar jirgi sak. A ja zare daga hanci zuwa wutsiya, a daidaita, a liƙa da tef, a zauna a ciki a gwada karatu, sannan a huda. Sukurun su kasance na tagulla ko ƙarfen da maganaɗisu ba ya kamawa, a kuma toshe ramukan da abin hana yoyo. Nisa ma abin lura ne. Idan ya yi kusa da cinya, matuƙi zai riƙa sunkuyar da kai, wanda ke jawo jiri da tashin zuciya, ya kuma ɗauke ido daga igiyar da ke tahowa. Idan ya yi nisa, lambobi ba za su karantu ba. Wurin da ya dace shi ne mafi nisan da ido ke iya karantawa ba tare da ƙyafce ba.

Sai dai kafewa ba ta raba mutum da kuskure. Wannan gurbi na gaba yana saman ma'ajiyar kaya ne, inda ake cusa gwangwanin abinci, tukunyar gas, wuƙa, rediyo da batir. Duk abin da ke da baƙin ƙarfe ko maganaɗisu yana jan faifan, kamar dai yadda kamfas ɗin dardumar salla ke rikicewa in an ajiye waya a gefensa. Magani shi ne a tura irin waɗannan kaya baya, a bar tufafi da jakar barci a gaba. Ga kuma bambancin arewar maganaɗisu da arewar taswira. A Najeriya ɗan kaɗan ne, amma a Siyatil ta Amurka ya kai wajen digiri 15 zuwa gabas, a gaɓar jihar Maine kusan haka zuwa yamma, kuma yana sauyawa da shekaru, don haka tsohuwar taswira ba abin dogaro ba ce a kansa. Mai shirin zuwa Ostireliya ko Niyu Zilan ya nemi wanda aka daidaita don kudancin duniya, domin na arewa faifansa yakan sunkuya a can.

Matsayinmu shi ne: duk mai kayak nasa na kansa da ke tsallaka ruwa inda tudu kan iya ɓace masa, ya kafe kamfas da sukuru. Tsoron huda jirgi bai kai haɗarin layin da ya goce ba. Na ɗaurewa ya wadatar ga mai haya, mai jirage da yawa, da mai bin gefen gaɓa, da sharaɗin ya yi wa wurin zamansa alama a jikin jirgi ya riƙa dubawa. Ba mu ga dalilin ɓata lokaci kan sunan kamfani ba. Manyan lambobi da daidaiton ɗori sun fi shi muhimmanci.

Kowanne aka zaɓa, a gwada shi bayan an gama loda kaya, ba kafin ba. A doshi wata alama da aka sani a tudu, a kwatanta karatun da na kamfas ɗin hannu, sannan a juya jirgi a ba alamar baya. Karatu na biyu ya kamata ya bambanta da na farko da digiri 180. Idan bai yi ba, a sauke kayan da ke gaba, ɗaya bayan ɗaya, har a gano wanda ke jan faifan.