Ƙarin Garanti a Kan Mota: A Saya ko a Bari?

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Bayan haka, ya 'yan'uwa malamai da fatake, ga wata mas'ala da ta shigo kasuwa, ta kuwa cancanci a dube ta da idon basira. Mutum ya sayi mota, kafin a miƙa masa mabuɗi sai dillali ya ce, "Alhaji, ƙara kaza, a ƙara maka garanti na shekara biyu." To, a saya ko a bari?

Ku sani garanti iri biyu ne. Na farko shi ne lamunin da maƙeran mota suka ɗaukar wa kansu, yana cikin farashi. Misali, a Amurka kamfanin Toyota yakan lamunce sabuwar mota shekara 3 ko tafiyar mil 36,000, duk wanda ya riga cika; inji da giya kuwa shekara 5 ko mil 60,000. Na biyu shi ne ƙarin da akan saya da kuɗi dabam, domin lamunin ya zarce bayan na farko ya ƙare. A kansa maganarmu take.

Ta fuskar shari'a, wanda ya sayi haja ya tarar da tsohon aibi da bai sani ba, yana da zaɓi, ya riƙe ko ya mayar. Wannan haƙƙi ne, ba a sayensa. Amma ƙarin garanti biya ne a kan ɓarnar da ba a san ko za ta auku ba, ga shi kuwa ya tabbata cikin Sahihu Muslim cewa Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya hana cinikin garari. Da wannan dalili ne majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda cikin 1985, ta haramta inshorar kasuwanci, ta halatta ta taimakon juna. Sai dai da yawa daga malaman zamani sun rarrabe: in ƙarin ya shiga cikin cinikin motar tun farko, daga hannun mai sayarwa, ya halatta, domin mabiyi ne, in kuwa an saye shi shi kaɗai daga wani kamfani, ya zama inshora. Misalinsa saniya mai ciki: sayenta halal ne, sayen cikin shi kaɗai bai halatta ba.

Ta fuskar kasuwa kuwa, falke ya san ba mai sayar da abu domin ya faɗi. Kuɗin da aka yanka ya ƙunshi gyaran da ake zato, da la'adar dillali, da ribar kamfani. Watau ke nan, in aka haɗa masu saye duka, abin da suka biya ya fi abin da ya komo musu. Sa'an nan takardar takan fitar da abubuwan da suka fi saurin cinyewa, kamar taya da birki da batir, takan kuma shardanta juyen mai a kan lokaci tare da shaida. Wanda ya saɓa, lamuninsa ya faɗi. Motocin da ake shigo da su ta Kwatano da Legas kuwa, galibi garantinsu na Amurka ba ya tsallako teku. Wanda ya biya kuɗi a kan irin wannan takarda ya yi cinikin biri a sama.

Saboda haka shawararmu ita ce: mafi yawan mutane su bari. Kafin ciniki a kai motar wurin amintaccen makaniki ya duba inji da giya, kana kuɗin da za a ba dillali a ajiye shi da sunan gyara. In mota ta ɓaci, ga magani. In ta zauna lafiya, dukiya tana hannun mai ita. Amma wanda mota guda ce jarinsa, wanda mutuwar inji za ta durƙusar da gidansa, babu laifi ya saya da sharaɗi uku: ya kasance daga maƙeran motar ne, ya shiga cikin ciniki guda, a kuma karanta masa takardar duka a gaban shaidu, har ya san garejin da zai kai ta.

Allah Shi ne mafi sani. Wassalamu.