Ɗakunan Gwajin Ruwa Su Ma Suna Bukatar Mudu Ɗaya

Duk wanda ya taɓa awon gero a kasuwar Shinkafi ko ta Ƙauran Namoda ya san cewa kafin ciniki ya faɗa, sai an duba mudu. Amma idan takarda ta fito daga ɗakin gwaje-gwaje ɗauke da lambobi game da ruwan wata rijiya, da wuya a sami mai tambayar irin mudun da aka auna da shi. Wannan tambaya kuwa wajibi ce, musamman a kan awon da ake fara yi wa kowane ruwa, wato awon yadda wutar lantarki ke ratsa shi.

Tsantsar ruwa ba ya barin lantarki ya wuce sai ɗan abin da ba a rasa ba. Gishiri da kanwa da sauran ma'adinan da suka narke a cikinsa su ne ke ɗaukar wutar daga wannan gefe zuwa wancan. Saboda haka idan aka tsoma ƙarafa biyu na na'ura a ruwa, lambar da ta fito tana nuna yawan abin da ya narke. Ana lissafinta da maikurosimen a kowace santimita. Ruwan da aka tace ƙwarai yana ba da 0.055, na teku kuwa wajen 50,000. Ƙa'idar ruwan sha ta Nijeriya, wadda hukumar SON ta fitar a 2007, ta sa iyaka a kan 1,000.

A nan ne zancen mudu ya shigo. Wannan lamba tana ƙaruwa da kimanin kashi 2 cikin ɗari duk lokacin da zafin ruwa ya ƙaru da digiri ɗaya, shi ya sa aka amince a riƙa mayar da kowane sakamako kan digiri 25. A ce an gina rijiyar burtsatse a Sakajiki, ainihin awon ruwanta 900. Idan aka auna shi da tsakar ranar bazara, ruwan ya kai digiri 35, kuma ba a yi gyaran zafi ba, na'ura za ta nuna wajen 1,080. Ke nan an yanke wa ruwa mai kyau hukunci, mata da yara su koma ɗiban na gulbi. A ce kuma wata rijiya a Zurmi awonta 1,150 ne, aka auna da sanyin safiyar hunturu a digiri 15: sai a ga 920, a buga hatimi. Na'urorin zamani suna yin gyaran da kansu, amma sai in ma'aunin zafin da ke cikinsu yana da lafiya.

Akwai kuma ruwan saiti. Tun aikin Friedrich Kohlrausch, masanin Jamus na ƙarni na 19, gishirin fotashiyam kulorayid ne abin dogaro. Giram 0.745 a cikin lita ɗaya yana ba da 1,413 a digiri 25, kuma da shi ake saita na'ura. To, kwalbar da aka bari a buɗe cikin busasshiyar iskar hunturu ruwanta yana ƙafewa, gishirin ya yi kauri, duk na'urar da aka saita da shi ta riƙa rage awo. Mai gwaji zai iya maimaita awonsa sau goma, ya sami lamba ɗaya sau goma, ya kwanta da tabbacin ya yi daidai. Mudun da ya lotsa ma haka yake, kullum awonsa ɗaya.

Ɗaki ba ya gano irin wannan kuskure shi kaɗai. Manyan cibiyoyin awo na duniya sun san haka, shi ya sa a 1999 suka rattaba hannu a Faris kan yarjejeniyar gwada awonsu da na juna. Hanyar ba ta da wuya. A haɗa ruwa ɗaya, a raba shi a kwalabe masu murfi gam, a aika wa kowane ɗaki ba tare da faɗa masa amsa ba, sannan a jera sakamakon. Wanda ya yi nisa da saura ya koma ya binciki na'urarsa. Idan Jamus da Amurka ba su ga faɗuwar girma a wannan ba, babu ɗakin da zai ce ya wuce a gwada shi.

Arewacin Zamfara yana da inda zai fara. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda tana nan tun 1983, Jami'ar Tarayya ta Gusau tun 2013. Ɗaya daga cikinsu za ta iya haɗa kwalaben sau biyu a shekara, da bazara da hunturu, ta raba wa masu gwajin ruwa na gwamnati, da masu ginin burtsatse, da kamfanonin ruwan leda. Gaskiya ne rashin tsaro ya sa hanyoyin Zurmi da Shinkafi sun yi wuyar bi, amma hakan ƙarin dalili ne: inda ba a iya komawa ɗebo ruwa sau biyu, dole awon farko ya zama abin yarda.

Sai dai ɗalibi ya kiyaye, wannan awo ba ya ganin ƙwayar kwalara, ba ya kuma ganin ɗan dalmar da ya isa ya cutar da yaro. Gubar dalma da ta kashe yara fiye da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum a 2010 sai da gwaji na daban aka tabbatar da ita.

Malamin kimiyya ba sai ya jira jami'a ba. Ko da na'ura ɗaya ce a makaranta, ya raba aji rukuni huɗu, ya ba su ruwan tulu ɗaya, wani ya kwana a inuwa, wani ya sha rana, kowane rukuni ya rubuta lambarsa da zafin ruwansa a allo, su lissafa abin da kowace lamba za ta zama a digiri 25.