Farar Fitila a Tsohuwar Mota: Mu Daina Makantar da Juna

Duk wanda ya bi hanyar Legas zuwa Ibadan da daddare ya san abin da muke nufi. Mota za ta taso daga gaba da wani farin haske mai kashe ido, ka ɗauki daƙiƙa biyu ko uku ba ka ganin kwalta. A gudun kilomita 80 a awa, daƙiƙa uku tafiyar sama da mita 60 ce a makance. Abin takaici, cikin masu yin wannan aika-aika har da 'yan uwanmu masu riƙe da tsofaffin motoci, Fijo 504 da 505 da tsohuwar Marsandi.

Ba mu ƙi a gyara fitila ba. Tsohuwar mota takan yi duhu, kuma mai tafiyar dare yana da haƙƙin ganin gabansa. Abin da muka ƙi shi ne a cire ƙwan H4 a cusa na LED cikin tsohon gidan fitila, a ce an waye. Madubin da ke bayan ƙwan an ƙera shi ne daidai da siririyar wayar da ke ci a ƙwan halojin. Da zarar tushen hasken ya goce daga gurbinsa, hasken ya watse sama da gefe. Mai motar yana ganin fari fat a gaban hancinsa, ya ɗauka ya ƙaru, alhali nesa ba ta fito ba, mai zuwa kuma ya sha wuta a ido.

Masu sa ƙwai mai wat 100 su ma ba su tsira ba. Ƙwan H4 na asali wat 60 ne a doguwar wuta, 55 a gajeriya. Waya da makunnin motar da aka harhaɗa a Kaduna shekaru 40 da suka wuce ba za su ɗauki kusan ninkin wannan ba. Soket ya narke, waya ta yi zafi, wata rana gobara.

Sau da yawa laifin ba na ƙwan ba ne. Tsohuwar waya da tsatsa suna cinye wuta a hanya, kuma ragin kashi 10 cikin 100 na ƙarfin lantarki yana cinye kusan kashi 30 na hasken halojin. Mai gyaran wutar mota ya auna abin da ke isa ga ƙwan, ya sa rile da fiyus ya jawo wuta kai tsaye daga batir, ya kankare wayar da ke kama jikin mota. Madubin da ya dushe a sauya shi. Sannan a tsayar da motar mita 10 daga bango: gajeriyar wuta ta sauka kamar santimita 10 ƙasa da tsayin fitilar.

A kuma duba inda gidan fitilar ya fito. Tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, don haka fitilar da aka yi wa hanyoyin Ingila tana cilla haske ne daidai idon mai zuwa.

Wanda muka makantar ba baƙo ba ne. Direban tirelar shanu ne, ɗan acaɓa ne, mai yiwuwa ɗanmu ne. Idan ya kauce hanya, kanmu zai faɗo. Shugabannin tasha da masu gyara na unguwanninmu su fara da motocin gida.