Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hukumar Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya



Ranku ya daɗe, roƙo nake a madadin yaran karkara da makinsu na jarrabawar JAMB ya gaza 200 cikin 400. Yawancinsu ba daƙiƙai ba ne. Wasu babu malamin lissafi a makarantunsu, wasu kuwa ranar jarrabawa suka fara taɓa kwamfuta. Da wannan maki, gurbin karatun likitanci ko na lauya sai dai hange daga nesa.

Ban ce ku sassauta ma'auni ba. Ku faɗaɗa makarantar share fage ta Funtuwa da shirin IJMB, ku rage kuɗinsu, sannan ku ware gurabe ga waɗanda suka yi zarra. Jarrabawar yini guda ba ta auna ƙwazon yaro.

Wassalam,
Wani malamin sakandare