Lafiyar Uwargida: Ciwon Muƙamuƙi Ba Ya Son Ƙarfi

 A wannan wata zan taɓo wani ciwo ne da mata da yawa ke fama da shi a ɓoye, wato ciwon gaɓar muƙamuƙi. Dalili kuwa shi ne, hotunan bidiyo sun cika wayoyinmu a nan Danko da sauran garuruwan ƙasar Zuru, inda za ki ga an kwantar da mutum an murɗe masa wuya ko haɓa, ki ji ƙas! sai a ce ya warke nan take. Har wasu sun fara neman mai yi musu irin wannan.

Da farko, 'yar uwa, ɗora yatsanki a gaban kunnenki ki buɗe baki. Abin da kika ji yana motsi shi ne gaɓar da ta haɗa muƙamuƙin ƙasa da ƙoƙon kai. A cikinta akwai ɗan faifan guringuntsi da ke hana ƙashi gugar ƙashi, ga kuma tsokoki masu ƙarfi da ke jan ta. Da ita kike tauna, da ita kike magana da karatu. Idan ta gaji sai ki ji ciwo a gaban kunne, ko ciwon kai ta gefe, ko baki ya ƙi buɗuwa sosai da safe. Shi ya sa wasu ke zaton ciwon kunne ne, su yi ta ɗiga magani a kunnen da lafiyarsa ƙalau. Ciwon ya fi kama mata fiye da maza, musamman masu shekara 20 zuwa 40.

Me ke gajiyar da ita? Yawan taunar cingam da goro, fasa ƙashi da haƙori, aya, rake, kilishi da gasasshiyar masara. Haka nan tauna ta gefe guda saboda wani haƙori yana ciwo an ƙi kai shi wurin likita. Akwai buguwa, ko ta faɗuwa daga babur, ko ta mari, abin da bai dace ya faru a gidan aure ba. Babba a cikinsu kuwa ita ce damuwa. Macen da ta kwanta da tunanin cefane ko fargabar rashin tsaro, sau da yawa tana kwana tana cije haƙora ba ta sani ba, gari ya waye muƙamuƙi ya yi tsami.

To, shi wancan murɗa da muke gani a waya fa? Sunansa kairofiraktik. Wani mutum mai suna Daniel David Palmer ne ya faro shi a garin Davenport na Amurka a 1895, bisa tunanin cewa gocewar ƙashin baya ce tushen yawancin cututtuka, tunanin da ilimin likitanci bai gaskata ba. Yakan ɗan taimaka wa wasu masu ciwon baya, amma hujjar amfaninsa ga muƙamuƙi ba ta da ƙarfi. Ƙarar da kike ji kuma ba ƙashi ne ya koma mazauninsa ba, iska ce da ke cikin ruwan gaɓa, tamkar wadda kike ji in kin ja yatsunki. Murɗa wuya da ƙarfi kuwa, ko da yake ba kasafai ba, yana iya yaga jijiyar jinin da ke zuwa ƙwaƙwalwa har a samu shanyewar ɓarin jiki. In ƙwararre ma yana da wannan haɗari, ina ga wanda ya koya a waya?

Masu ɗori namu na gargajiya an san su da karaya da targaɗen hannu da ƙafa, amma muƙamuƙi daban yake. Mafi yawan ciwonsa gajiyar tsoka ce, babu abin da ya goce balle a mayar. Ƙwararrun da suka fitar da ƙa'idojin kula da wannan ciwo a mujallar likitoci ta BMJ a 2023 sun fi ƙarfafa motsa muƙamuƙi a hankali bisa kulawar masani, tausa, gyara zama da rage damuwa. Wato dai lallashi, ba kokawa ba.

Ga abin da za ki yi a gida, uwargida. Ki hutar da bakin mako ɗaya ko biyu da abinci mai laushi: kunu, fura, fate, tuwo da miyar kuka. Ki ajiye cingam da goro. Ki jiƙa tsumma mai tsabta a ruwan ɗumi ki gasa wurin kamar minti 15, safe da dare, sannan ki murza da yatsu a hankali. Da rana ki riƙa lura: leɓɓa a haɗe, haƙora a rabe. In hamma ta zo, ladabin da muka koya na danne ta da rufe baki yana kare wannan gaɓa, domin wage baki na iya gotar da ita. Farasitamol na rage zafi, amma mai juna biyu ko mai olsa kada ta sha ibufurofen sai da izinin likita. Ƙarar gaɓa kaɗai, in babu ciwo, ba ta bukatar magani.

Sai dai akwai alamomin da ba a zama da su. In baki ya buɗe ya ƙi rufuwa, gaɓar ta goce ke nan, a tafi asibiti a ranar, don jinkiri na sa mayar da ita ya yi wuya. In an bugu haƙora suka daina haɗuwa daidai, wataƙila karaya ce. In muƙamuƙi ya sanƙare bayan rauni ko haihuwa a gida, a ji tsoron cutar sarƙe haƙora. Kumburi da zazzaɓi alamar ruɓewar haƙori ce da ta yaɗu. Ciwon muƙamuƙi tare da nauyin ƙirji, zufa da haki na iya zama ciwon zuciya, kuma mata sun fi nuna shi ta wannan siga. Yaron da dasashinsa ke wari, kumatunsa ya kumbura, a yi gaggawa saboda cutar noma. Tun 1999 akwai asibitinta na musamman a Sakkwato.

Ki fara da asibitin da ke kusa ko babban asibitin Zuru. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura ki Birnin Kebbi ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, inda ake da likitocin haƙori da muƙamuƙi da masu gashin ƙashi. Maigida kuma, don Allah idan iyali ta ce bakinta ba ya taunuwa, kada a ce raki ne.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya zaunar mana da ƙasarmu lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu. Wassalam.