Baƙon Da Ke Shigo Wa Waya Ba Sallama

'Yan'uwa malamai, daga Gumel da Maigatari zuwa Gagarawa da Sule Tankarkar, mu ake miƙo wa waya mu karanta saƙon Turanci. Saboda haka wajibi ne mu fara sanin tarkon da ke faɗowa kan allo: wai cuta ta kama wayarka, ko ka ci kyautar data, ko za a rufe asusunka in ba ka latsa nan take ba.

Shafin intanet ba shi da ikon binciken cikin wayarka, tsoratarwa ce kawai. Abin da ɓarayin ke hari shi ne BVN ɗinka mai lamba 11, da lambar sirrin kati, da lambar da banki ke turowa. Banki kuwa ba ya tambayar lambar sirri.

Kada a latsa komai a cikinsa, a rufe shafin baki ɗaya. Manhaja sai daga Play Store. Wanda ya riga ya ba da lambobinsa, ya hanzarta a toshe masa kati kafin albashi ya sauka.

A ganina, reshenmu na NUT ya ware wa wannan batu minti 10 a kowane taro. In malami ya gane, unguwa ta tsira.