Kwana biyar na aiki: yaushe kaya za su iso?

Da yawanmu muna taya iyaye ko yayye tsaron shago bayan an tashi daga makaranta, don haka lissafinmu na yau na kasuwa ne.

A ce ranar Alhamis, 25 ga Satumba, 2025, Baba ya yi odar atamfa daga Legas, aka ce masa kaya za su iso cikin "kwana biyar na aiki". Muka ƙirga da yatsu, 25 a tara da 5, muka ce wa mai saye ya dawo Talata, 30 ga wata. Bawan Allah ya biya kuɗin mota daga ƙauye, ya zo ya tarar babu kaya. Gobe da wuya ya sake yarda da maganarmu.

Ina muka yi kuskure? Mun lissafa Asabar da Lahadi, alhali kamfanin ba ya aiki a cikinsu. Mu sake ƙirgawa: Juma'a ɗaya, Litinin biyu, Talata uku. Laraba 1 ga Oktoba ce, hutun ranar samun 'yancin kai, sai mu tsallake ta. Alhamis huɗu, Juma'a biyar. Ashe 3 ga Oktoba ya kamata mu faɗa masa.

Manhajar Excel tana wannan aikin. A wurinta kowace rana lamba ce, shi ya sa in muka ƙara 5 a kan kwanan wata za ta ƙara kawai, babu ruwanta da ƙarshen mako. Amma in ranar oda tana gidan A1, muka rubuta =WORKDAY(A1,5), za ta tsallake Asabar da Lahadi da kanta. Sai dai 2 ga Oktoba za ta ba mu, domin ba ta san hutun Najeriya ba har sai mun jera mata ranakun hutu mun nuna mata inda suke. Na Sallah ma ya fi wuya, tunda sai an ga wata.

Kuma ƙarshen mako ba ɗaya ba ne a ko'ina. Tun 2013 Saudiyya ke hutun Juma'a da Asabar, Dubai kuwa ta koma Asabar da Lahadi a 2022. In ɗan kasuwar Jidda ya ce mana ranar Alhamis zai aiko da kaya bayan kwana ɗaya na aiki, Lahadi yake nufi. Don irin wannan aka yi WORKDAY.INTL, wadda ke barinmu mu zaɓi ranakun hutu da kanmu: lamba 7 Juma'a da Asabar, lamba 11 Lahadi kaɗai.

Ga aikin gida. An yi oda daga Legas ranar Laraba, 10 ga Yuni, 2026, kwana uku na aiki. Ku duba kalanda da kyau kafin ku amsa. Amsar tana nan tafe a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.